Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Koyar Da Tuƙi: Harafin P Ba Birki Ba Ne

Assalamu alaikum, malamai.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni makanike ne, kuma yawancin shekarun da na yi a wannan sana'a a kan giyabos na yi su, hannuna dumu-dumu da mai. Ban taɓa koya wa kowa tuƙi don a biya ni ba, saboda haka ba zan ce na fi ku sanin aikinku ba. Sai dai abin da kuka koyar, da wanda kuka tsallake, a kan bencina yake ƙarewa bayan 'yan shekaru. Wannan ne ya ba ni bakin magana.

Ƙaramin abu ne ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yata ta gama koyon mota, ta karɓi lasisi, ta ce in shiga ta zaga da ni in ga hannunta. Tuƙinta ba laifi, har na yaba wa wanda ya koya mata a raina: tana duba madubi, tana ba da sigina kan lokaci, ba ta manne wa motar da ke gabanta. Da muka dawo sai ta tsaya a wani wuri mai ɗan gangare, ta tura giya zuwa P, wato matsayin fakin, ta ɗage ƙafa daga birki. Motar ta zame gaba kamar faɗin tafin hannu, ta yi wani girgiɗi, ta tsaya cak. Ta kashe inji ta juyo tana murmushi, tana jiran yabo. Na ce, "Birkin hannu fa?" Ta ce, "Baba, ai otomatik ce. Malaminmu ya ce wannan na masu manuwal ne."

Ban yi mata faɗa ba, don ba ta yi komai ba sai abin da aka nuna mata. Amma tun daga ranar na shiga tambayar masu kawo mini gyara, musamman matasa, kuma amsar da na fi ji ita ce irin tata. Wasu ma sai sun lalubo kafin su gano inda birkin hannun motarsu yake, alhali sun shekara suna hawanta. Shi ya sa na ce bari in je tushe, in yi magana da ku.

Ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ke cikin akwatin giyan nan, ko da wasunku sun sani. A motar manuwal, idan ka kashe inji ka bar ta a giya ta ɗaya, ƙarfe na haɗe da ƙarfe tun daga taya har cikin inji. Kafin taya ta juya sai ta juya injin gaba ɗaya, shi kuwa injin da ke kashe yana da taurin kai. A otomatik irin wadda aka fi sani ba haka abin yake ba. Tsakanin inji da giya akwai wani ƙoƙon ƙarfe cike da mai, a cikinsa fanka biyu suna fuskantar juna. Inji ya juya ta farko, ita ta watsa mai, man ya tura ta biyu. Mai ne ke haɗa su, ba ƙarfe ba. Da zarar inji ya mutu, famfon mai ya tsaya, babu sauran abin da ya ɗaure tayoyi da inji. Ko a D ta tafiya gaba ka bar ta, ko a R ta ribas, motar a sake take kamar ka sa ta a firi.

To me ke riƙe ta idan an sa P? Sakata. Ba na samun kalmar da ta fi wannan dacewa. A kan sandar da ke fitar da juyi daga giya zuwa tayoyi akwai wani faifan ƙarfe mai manyan haƙora. A gefensa akwai ɗan guntun ƙarfe mai haƙori ɗaya, tsawonsa bai wuce yatsa ba a yawancin ƙananan motoci. Idan direba ya tura giya zuwa P, sai a danna wannan guntun ƙarfe ya faɗa tsakanin haƙora biyu na faifan, sandar ta kasa juyawa. Shi ke nan. Babu wani birki da ya kama, babu abin da ya matse taya. Zamewar nan da motar 'yata ta yi kafin ta tsaya, faifan ne ya juya har haƙorinsa ya zo ya daki sakatar, girgizar kuwa nauyin motar ne gaba ɗaya ya sauka a kanta.

Wani abin da zai ba ku sha'awa: giyar otomatik ta farko da ta bazu a kasuwa, wato Hydra-Matic da kamfanin General Motors ya sa a motocin Oldsmobile na shekarar 1940, ba ta da harafin P ma sam. Direba kan kashe inji ya sa ribas, a nan ne sakatar ke shiga. Daga baya aka ware mata matsayi nata. Birkin hannu kuwa ya riga ta zuwa duniya, kuma har yau babu kamfanin da ya cire shi daga motar otomatik yana cewa ai P ta wadatar. Idan da ado ne, da tuni masu ƙera mota, waɗanda ke lissafin kowane kusa, sun daina kashe kuɗi a kansa.

Mu ɗan yi lissafi. Mota mai nauyin kilo 1,500 a kan gangaren da ke sauka mita ɗaya a cikin kowace mita goma, tana jan kanta ƙasa da ƙarfin da ya kai kusan kilo 150. Ba na minti ɗaya ba, dare da rana, muddin tana wurin. Idan gangaren ya ninka, jan ma ya kusa ninkawa. Idan an bar wa sakata wannan aiki ita kaɗai, tana cijewa sosai a jikin haƙorin faifan. Da safe direba ya zo fita, ya ja giya ta ƙi motsi, ya ƙara ƙarfi, sai ka ji "ƙas!" kamar an karya wani abu a ƙarƙashin mota. Kun san wannan ƙarar, na tabbata. Sakatar ce aka fizge da ƙarfin tsiya alhali kaya na kanta. Wani lokaci ma ba ta fita ko kaɗan, kuma littattafan da ke zuwa da wasu motoci sun faɗi maganin ƙarara: a samo wata mota ta ɗan tura taka zuwa sama don nauyin ya sauka daga kan sakatar. Ku duba fa, kamfani da kansa yana gaya maka ka nemo wata mota, saboda abin da jan birkin hannu na daƙiƙa biyu zai hana.

Ba zan tsorata ku da ƙarya ba. Sakatar nan ƙarfe ne mai ƙwari, kuma ba kullum take karyewa ba. Na ga motocin da suka tsufa ba a taɓa ja musu birkin hannu ba, sakatarsu na nan daram. Waɗanda na ga sun lalace, yawanci ɗaya daga cikin abu biyu ne ya same su: ko an daki motar tana ajiye, ko direba ya saba jefa P tun mota ba ta gama tsayawa ba. Wannan na biyun yana da tasa ƙarar, wani "ƙarrr" kamar ana jan sanda a jikin shingen ƙarfe, sakata ce ke tsalle a kan haƙora tana neman wurin shiga. Abin da ya fi yawan shan wahala daga girgiɗin nan na kullum shi ne robobin da inji da giya ke zaune a kansu, da gaɓoɓin sandunan da ke kai juyi ga tayoyi. Waɗannan kuɗi ne kawai, ana saye a sauya. Damuwata ba ta kuɗi ba ce.

Damuwata ita ce P na iya yi maka ƙarya. Hannun giya da direba ke riƙewa ba shi ne sakata ba. Tsakaninsu akwai kebul, ko sanduna, ko kuma a sababbin motoci waya da kwamfuta da ƙaramin injin lantarki. Kebul kan saki, robar da ke bakinsa kan ruɓe ta fita, sai hannun giya ya nuna P alhali can ciki sakata ba ta shiga ba. Wannan ba zato ba ne. A ƙarshen 1980, bayan dogon bincike da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta yi kan motocin Ford da ake zargin suna zamewa daga P su koma ribas, an daidaita a kan kamfanin ya aika wa masu motoci fiye da miliyan 20 wata 'yar takarda da za su manna a dashbod. Abin da ke rubuce a kanta bai wuce abu uku ba: ka tabbata giya ta shiga P, ka ja birkin hannu sosai, ka kashe inji kafin ka bar kujera. Bayan shekara arba'in da 'yan kai, a 2022, kamfanin ya kira motoci kusan miliyan 2.9 don gyara, saboda wata 'yar roba a bakin kebul ɗin giya da ke iya lalacewa ta sa mota ta gangara direba na zaton tana P. Ba don in ɓata wani kamfani na kawo wannan ba, kowane kamfani yana da irin tasa. Na kawo ne don ku ga cewa ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido: mota sukutum tana rataye a kan robar da ba ta kai girman kan babban yatsa ba.

Ko da komai lafiya lau, akwai wani rauni da P ke da shi wanda ko direbobin da suka daɗe ba su sani ba. Sakata ba tayoyi take kullewa ba, sanda take kullewa. Tsakanin sandar da tayoyi biyu masu ja akwai akwatin da ke raba musu juyi, wanda ke ba tayar waje damar gudu fiye da ta ciki a kan kwana. Wannan akwati yana da wata ɗabi'a: idan an kulle sandar, taya ɗaya na iya juyawa gaba muddin ɗayar za ta juya baya. A kan busasshiyar kwalta wannan ba ya faruwa, don duka biyun sun kama ƙasa. Amma a ce taya ɗaya tana kan taɓo, ko ƙanƙara, ko tsakuwa mai santsi, ko kuma an ɗaga ta da jak za a sauya. Sai wadda ba ta kama ƙasa ba ta juya baya a banza, ɗayar ta gangara, mota ta tafi tana cikin P. Mutum nawa ne ke durƙusawa gefen mota a bakin hanya yana kwance taya, ya dogara da wannan harafi? Don Allah idan kuna koya wa ɗalibi sauya taya, ku haɗa masa da birkin hannu da waigi a ƙarƙashin tayar da ke can ɗaya kusurwar. Haka nan manyan motoci masu jan ƙafa huɗu, waɗanda ke da ƙaramar giya ta biyu: idan aka bar wannan ƙaramar a firi, P ba ta riƙe komai, don an raba giyar da tayoyi baki ɗaya.

Ga yadda nake roƙon ku koyar. Ɗalibi ya tsayar da mota cak da birkin ƙafa, kada ya ɗaga ƙafar. Ya ja birkin hannu sosai, ba jan kunya ba. A wuri mai gangare ya mayar da giya N, wato firi, ya sassauta ƙafarsa a hankali har ya ji motar ta zauna a kan birkin hannun. Idan ta ci gaba da zamewa, to ya gano tun yana kan kujera, ƙafarsa na kusa da birki, cewa jan bai isa ba ko birkin na son gyara. Idan ta zauna, ya sake taka birki, ya sa P, ya dubi dashbod ya ga harafin da idonsa, sannan ya kashe inji. Ta haka nauyin yana kan birki, sakata na zaune a sake tana gadi. Wajen tashi kuma sai a juya: a taka birki, a tayar da inji, a fitar da giya daga P zuwa D ko R, sannan a saki birkin hannu daga ƙarshe. Wanda ya bi wannan ba zai ƙara jin "ƙas" ɗin nan ba.

Na san wani a cikinku zai ce, "Malam, a fili shimfiɗaɗɗe duk wannan wahalar ta mece ce?" Gaskiyarsa, a wurin da ya daidaita sarai, ko ka fara da P ko ka fara da birki, babu bambanci ga ƙarfe. Amma ido ba ma'auni ba ne. Wuraren ajiye mota da yawa da gangan ake ɗan karkata su don ruwa ya wuce, kuma mota a kan tayoyi masu iska ba ta buƙatar gangare mai yawa kafin ta fara tafiya. Ban da haka, ku kun fi ni sanin cewa ɗalibi ba ya tuƙi da tunani bayan wata shida, da sabo yake yi. Idan kuka ba shi ɗabi'a biyu, ɗaya ta fili ɗaya ta tudu, ranar da yake sauri, waya na ƙara, yara na kuka a baya, mai sauƙin ce hannunsa zai ɗauka. Ku ba shi guda ɗaya tak, wadda za ta yi masa aiki ko'ina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a hannunku yake ɗanye.

Kada kuma a fahimce ni a juye. Ban ce birkin hannu kaɗai ya isa ba. A ƙa'idar da ake gwada ƙananan motoci da ita a Amurka da Turai, ana so birkin ajiyewa ya riƙe mota a gangaren kashi 20 cikin ɗari, wato mai sauka mita ashirin a cikin kowace mita ɗari, ko ta fuskanci sama ko ƙasa. Amma wannan sabuwar mota ce a wurin gwaji. A hanya kebul kan miƙe, takalmin birki kan cinye, mai ja kan yi ragon ja. Akwai ma wata dabara ta ƙarfe: bayan doguwar tafiya faifan birki na da zafi, ya ɗan kumbura. Ka ja birkin hannu ya kama, ka tafi. Faifan ya huce ya koma girmansa, kamun ya ragu, kuma motar da ta tsaya lafiya minti ashirin sai ta fara rarrafe ba kowa a ciki. A irin wannan ranar sakata ce ke ceto. Shi birki yana riƙe tayoyin baya, ita kuma a yawancin ƙananan motocin yau tana riƙe na gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan birkin hannun da ba a ja shi ne ke lalacewa: tsatsa ta ci kebul a cikin kubensa, ranar da aka ja shi bayan shekara biyu ko ya ƙi kamawa, ko ya kama ya ƙi saki. Masu cewa "ba na ja don kada ya lalace" su ne ke kawo mini shi a mace. Inda kawai nake ɗaga ƙafa shi ne motar da za a ajiye wata da watanni, ko wurin da ruwa ke daskarewa a kan birki saboda tsananin sanyi. A nan birki na iya mannewa, gara P da waigi a wuri mai daidai.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali, wato sababbin motoci. A da hannun giya yana da wurin zama. P na can gaba, hannunka ya san ta ko a cikin duhu. Yau wata motar maɓalli ne, wata abin murɗawa ne kamar na rediyo, wata kuma ɗan sanda ne da kake turawa ya dawo tsakiya da kansa, ko wace giya ka sa. A watan Afrilun 2016 kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci kusan miliyan 1.1 saboda irin wannan sanda mai komawa tsakiya, don direbobi na fita suna zaton sun sa P alhali ba su sa ba. Wata biyu bayan haka, ranar 19 ga Yuni, ɗan wasan fim Anton Yelchin, mai shekara 27, ya fito daga motarsa Jeep Grand Cherokee a hanyar shiga gidansa mai gangare a Los Anjelas. Motar ta gangaro ta matse shi a jikin ginshiƙin bulo da shinge, ya rasu a wurin. Motarsa na cikin waɗanda aka kira. Gyaran da kamfanin ya yi shi ne sa wa kwamfutar motar umarnin ta shiga P da kanta idan direba ya buɗe ƙofa zai fita. Dabara ce mai kyau, amma ba kowace mota ke da ita ba, kuma ɗalibinku ba mota ɗaya zai tuƙa a rayuwarsa ba. Yau tasa, gobe ta aro, jibi ta haya. Abin da zai bi shi cikin kowace mota shi ne ɗabi'ar duban dashbod: harafin P na haske, jar fitilar birkin ajiyewa na haske, sannan a taɓa ƙofa.

A tsohuwar mota mai makulli, makullin kansa malami ne, don ba ya fita sai giya na P. Mota mai maɓallin tayarwa ta kori wannan malamin. Makulli na aljihu, mutum na iya fita inji na aiki bai sani ba, balle motar da ke haɗa fetur da batir, wadda injinta kan yi tsit idan ta tsaya alhali a kunne take, a shirye ta tafi. Irin wannan a rufaffen gareji da ke manne da ɗakin kwana na iya kashe mutane da hayaƙin da ba shi da wari ba shi da launi, don injin kan tashi da kansa cikin dare ya yi cajin batir. Haka kuma maɓallin nan da ake rubuta wa Auto Hold, wanda ke riƙe mota a danja ba sai ƙafa na kan birki ba. Na tsayuwar ɗan lokaci ne direba na zaune, ba na fakin ba ne. Ya kan ruɗi mutum ya ga mota tsaye shiru ya manta tana D. Ku nuna musu bambancinsa da maɓallin birkin ajiyewa na lantarki, don sau da yawa suna maƙwabtaka da juna.

Maganar karkata tayoyi ba zan tsawaita ba, tana cikin littattafanku, sai dai ban cika ganin ana aiki da ita ba. Mota ta fuskanci gangare, a murɗa sitiyari zuwa dakalin gefen titi. Ta fuskanci hawa kuma akwai dakali, a murɗa zuwa titi, yadda in ta zame baya tayar gaba za ta tokari dakalin. Babu dakali, a murɗa zuwa gefen hanya ko ina ta fuskanta, don in ta tafi ta bar titi maimakon ta shiga cikin motoci. Doka ta 252 a kundin ƙa'idojin hanya na Birtaniya ta haɗa duka ukun wuri ɗaya, birkin hannu da karkata taya da P. A San Faransisko, garin tuddai, tara ake cin wanda ya ajiye mota a gangaren da ya wuce kashi 3 cikin ɗari bai karkata taya ba. Kashi 3 fa, gangaren da da ƙyar ido zai lura da shi.

Mafi yawan labaran da suka zo kunnena ba a dogon fakin suka faru ba. A "bari in ɗan" suka faru. Bari in ɗan buɗe ƙyaure. Bari in ɗan duba me na taka. Bari in ɗan ɗauko abu a but. Inji na aiki, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Motar otomatik da ke D ko R ba ta jiran totur, da an saki birki take fara tafiya da kanta, ƙofar da ke buɗe kuma ita ce ke kayar da mutum ƙarƙashin taya idan baya motar ta yi. Ku sa wa ɗalibanku doka mai tsauri: duk abin da zai raba mazauninka da kujera, ko na daƙiƙa biyar ne, fakin ne cikakke. Ku kuma gaya musu abin da zuciya ba ta son ji: idan mota ta kuɓuce tana gangarawa, kada a sha gabanta, kada a tokare ta da ƙirji, kada a bi ta ana ƙoƙarin tsalle ciki. Kilo 150 ɗin nan da muka lissafa na motar da ke tsaye ne. Da ta fara gudu, lissafin ya wuce ƙarfin kowane mutum. A yi ihu a gargaɗi waɗanda ke gaba, a bar ƙarfe ya daki ƙarfe.

Sai yara. A Amurka doka ta wajabta cewa daga Satumban 2010 duk sabuwar motar otomatik mai makulli kada giyarta ta fita daga P sai an taka birki. Kamfanoni da yawa sun riga dokar, amma tsofaffin motocin da ba su da wannan kariya suna nan suna yawo a duniya, kuma a cikin masu ita ma na sha ganin wadda ta lalace, ko wani makanike ya cire don ta dame shi. Yaro ɗan shekara uku da ya ga babansa na jan sandar nan kullum, ita zai fara kamawa. Idan an ja birkin hannu, wasansa ya tsaya a wasa. Amma asalin magana kada a bar yaro a mota shi kaɗai, don ko giya ba ta motsa ba, zafin cikin rufaffiyar mota na iya hawa da kusan digiri goma cikin minti goma. A gefen hannun giya kuma akwai wani ɗan rami mai murfi, wanda ake zura makulli a ciki a fitar da giya daga P idan batir ya mutu. Duk wanda kuka nuna wa wannan rami, ku fara nuna masa birkin hannu, don da inji a kashe birkin ƙafa kan yi tauri bayan taku biyu ko uku, ya rasa yawancin ƙarfinsa. Ku ƙara musu da cewa kada su ajiye mota mai zafi a kan busasshiyar ciyawa, don tukunyar tace hayaƙi da ke ƙarƙashinta na iya tayar da gobara.

Abin da nake roƙo bai fi darasi ɗaya ba. Ku kai ɗalibi wuri mai gangare inda babu mutane. Ku bar shi ya yi irin na 'yata, ya ji girgiɗin, ya ji ƙarar fitar giya. Sannan ya yi yadda na bayyana, ya ji yadda giyar ke fita kamar an shafa mata mai. Gani ya kori ji, kuma jikinsa zai riƙe bambancin fiye da duk wani bayani a allo. Waɗanda ke cikinku da ke zama a wurin jarrabawar lasisi, ina roƙon kada ku ɗauka jarrabawa ta ƙare da mota ta shiga tsakanin layi biyu. Ku jira ku ga abin da hannu da ido za su yi kafin a buɗe ƙofa. Kuma ku duba motocin makarantunku. Idan birkin hannun motar koyo ba ya riƙe ta a N a kan ɗan tudu, me ɗalibi zai koya game da shi ban da cewa ba ya aiki?

Akwai wani akwati a ƙarƙashin bencina da nake tara ƙananan ƙarafan da na ciro daga giyoyin da suka mutu. Na ɗauko sakata ɗaya daga ciki, wadda bakin haƙorinta ya gutsure, na wanke ta da fetur, na ba 'yata na ce ta kai wa malaminta tare da gaisuwata, ta gaya masa wannan ce ke riƙe motar da yake koyarwa da ita. Ta dawo ta ce ya daɗe yana juya ta a tafin hannu, sannan ya tambaya ko zai iya ajiye ta a motar makaranta don nuna wa sauran ɗalibai. Na ce ya riƙe. Duk makaniken giya da ke kusa da ku yana da irinta a cikin tarkacensa, kuma ban ga wanda zai hana ku ba.

Wassalam.

Naku,
Wani makaniken giya, kuma uban ɗalibarku.